Ellenfeld, Filin da Okocha Ya Fara Taka Leda a Jamus

Abin da mai zuwa Neunkirchen, garin da filin ƙwallo na Ellenfeld yake, zai fara kiyayewa shi ne sunan garin. Garuruwa da dama ne a Jamus ke amsa wannan suna, har da wani a Ostiriya, don haka in ka rubuta shi tsurarsa a manhajar jirgin ƙasa, tana iya kai ka Bavariya ko yankin Siegen. Wanda ake nufi shi ne na jihar Saarland, kusa da iyakar Faransa, kuma a tikiti za ka ga an liƙa masa kalmar Saar. Sunan kansa na ruɗin masu koyon Jamusanci, don a kunne kamar coci tara ake faɗa, alhali asalinsa sabon coci ne.

Daga filin jirgin saman Frankfurt na kama hanya. Tashoshin jirgin ƙasa biyu ne a wurin, ta jiragen nesa da ta jiragen yanki, kuma ta biyun ake nema, wadda ke ƙarƙashin Terminal 1. Jirgin RE3 mai zuwa Saarbrücken yana bi ta Mainz, Bad Kreuznach, Idar-Oberstein da St. Wendel kafin ya tsaya a Neunkirchen, tafiyar da ta ɗara awa biyu. Ba kowane RE3 ne ke tasowa daga Frankfurt ba, wasu daga Mainz suke farawa, saboda haka in wanda kake jira ya wuce ka, shiga duk jirgin da zai kai ka Mainz ka tare na gaba a can. Bayan Bad Kreuznach hanyar ta bi kwarin kogin Nahe, kuma a Idar-Oberstein, garin masu gyaran duwatsu masu daraja, ana hango wani coci da aka gina a cikin ƙirjin dutse.

Wanda zai yi kwanaki yana yawo ya yanki Deutschlandticket. An fara shi a watan Mayun 2023 a kan Yuro 49 a wata, ya koma 58 a Janairun 2025, kuma yana aiki a jiragen yanki da bas-bas na duk ƙasar. Tarkonsa biyu ne. Ba ya aiki a jiragen nesa na ICE da IC, in ka shiga da shi kamar ba ka da tikiti ne. Sannan rajistar wata-wata ce, in ba ka soke ta kafin 10 ga wata ba, za a cire maka kuɗin wata mai zuwa ko da ka riga ka koma gida.

Daga tasha zuwa filin wasa tafiyar ƙafa ce ta kusan rabin awa, kuma ban ba kowa shawarar ya hau bas ba, domin tarihin ƙungiyar ƙwallon garin, Borussia Neunkirchen, a kan wannan hanya yake shimfiɗe. Za ka gangara wajen kogin Blies, sai ga ragowar masana'antar ƙarfe a tsakiyar gari: manyan tanderun narka tama guda biyu, na 2 da na 6, sun yi tsatsa, an bar su tsaye don tarihi, ga kuma tsohon tankin ruwa da aka mayar gidan sinima. Tun ƙarshen ƙarni na 16 ake narka ƙarfe a nan. A ƙarni na 19 iyalin Stumm suka mayar da wurin babbar masana'anta, kuma mutum-mutumin Carl Ferdinand von Stumm, wanda ake yi wa laƙabi da Sarki Stumm saboda yadda ya riƙe ma'aikata har cikin gidajensu, yana nan a dandalin da ke ɗauke da sunansa. Ranar 10 ga Fabrairun 1933 tankin gas na masana'antar ya fashe, mutum 68 suka mutu. A 1982 aka kashe wutar tanderun, kuma a 1989 aka buɗe babban kantin Saarpark-Center a wani sashe na filin. Abin da ya rage na aikin ƙarfe shi ne sashen murza shi na kamfanin Saarstahl.

Daga nan sai hawa. Titin Hüttenberg tudu ne na gaske, ya kai kashi 11 cikin 100, kuma har zuwa 1978 taragon lantarki na cikin gari na hawansa. In ka ƙure shi ka wuce tsohuwar kasuwa, sai ka sauka dandalin Mantes-la-Ville, sunan wani garin Faransa da suka ƙulla abota da shi. Filin Ellenfeld na nan a cikin kwari, gidajen jama'a kewaye da shi. Ba ka ganin girmansa sai ka shiga ƙofa ka ga matakalan siminti sun yi sama.

Borussia Neunkirchen ke da wannan gida. An kafa ta a 1905, launinta baƙi da fari. Borussia sunan Prusiya ne da Latin, shi ya sa ake samun sa a Dortmund da Mönchengladbach, duk garuruwan da suka kasance ƙarƙashin mulkin Prusiya. A 1912 ta tare a Ellenfeld, shekarar da aka haifi Erich Honecker, wanda ya mulki Jamus ta Gabas, a wannan gari. A 1921 ta ci kofin kudancin Jamus.

Ba za a gane ƙwallon wannan yanki ba sai an san cewa Saarland ta taɓa zama ƙasa mai zaman kanta a fagen wasa. Bayan yaƙin duniya na biyu Faransa ta raba yankin da Jamus saboda kwal da ƙarfensa, kuma daga 1948 zuwa 1951 an hana ƙungiyoyinsa shiga gasannin Jamus. Har sunan Borussia aka ajiye, ƙungiyar ta koma VfB Neunkirchen, kuma da wannan suna ta ci gasar Saarland a 1949. Yankin ya shiga FIFA a 1950, ya kafa tawagar ƙasa, Helmut Schön ya horar da ita, ta kuma haɗu da Jamus ta Yamma da Norway a wasannin neman shiga gasar cin kofin duniya ta 1954. A ƙuri'ar raba gardama ta Oktoban 1955 kimanin kashi biyu cikin uku na masu zaɓe suka ƙi tsarin da zai ci gaba da ware su, ranar 1 ga Janairun 1957 Saarland ta koma Jamus. Karl Ringel na Borussia na cikin 'yan wasa ƙalilan da suka sa rigar ƙasashen biyu.

Shekarun da suka biyo baya su ne ganiyar ƙungiyar. Ranar 27 ga Disambar 1959 ta buga wasan ƙarshe na kofin DFB, wato kofin hukumar ƙwallon Jamus, a Kassel, Schwarz-Weiss Essen ta doke ta 5 da 2. A 1962 ta zama zakaran Oberliga ta kudu maso yamma, wadda a lokacin ita ce rukuni na ɗaya, tunda babu gasa guda ta ƙasa baki ɗaya. A kakar da ta biyo ta zo ta biyu.

A nan ne dattawan filin ke da miki, kuma ba sai ka tono su ba. Da za a kafa Bundesliga a 1963, ƙungiyoyi 16 aka ɗiba, aka ware wa kudu maso yamma gurbi biyu. An duba sakamakon shekaru 12, da girman fili, da ƙarfin aljihu. Kaiserslautern, zakaran wannan kaka, ta samu ɗaya. Ɗayan sai aka miƙa wa 1. FC Saarbrücken, wadda ta ƙare a ta biyar, aka tsallake Neunkirchen da Pirmasens da ke gabanta. Mutanen Neunkirchen har yau suna ɗora laifin a kan Hermann Neuberger, babban jami'in ƙwallon Saarland wanda daga baya ya shugabanci hukumar DFB. Ni dai a ganina Saarbrücken na da hujjarta, babban birnin jiha ce mai babban fili, amma wanda ya zo na ɗaya da na biyu a kaka biyu a jere yana da dalilin jin an yi masa ƙwace.

Ramuwar ba ta daɗe ba. Saarbrücken ta ƙare a ƙarshen teburi ta faɗo, Borussia kuma ƙarƙashin koci Horst Buhtz ta ci rukuninta ta shiga zagayen neman hayewa na 1964. Tsarinsa ba tausayi: an kasa su kashi biyu, ƙungiya huɗu a kowanne, a buga gida da waje, ta ɗaya kaɗai ke hayewa. Abokan karawarta su ne St. Pauli, Tasmania Berlin da Bayern Munich, wadda a zagayen nan ne ta fara saka wani yaro ɗan shekara 18 mai suna Franz Beckenbauer. Borussia ta je har Munich ta ci 2 da nema, ta haye, Bayern ta ƙara shekara guda a rukuni na biyu. Duk wanda ka zauna kusa da shi a Ellenfeld, in ya haura saba'in, wannan labari zai fara ba ka.

Don wannan hayewa aka faɗaɗa filin har ya iya ɗaukar sama da mutum dubu 30, a garin da jama'arsa ba su kai dubu 50 ba. Matakalan da na hau na wancan lokacin ne. Suna da tsayi da miƙewa, babu hanyar tsere tsakaninsu da ciyawa, don haka ɗan kallo a kan ɗan wasa yake. Babu dogayen sandunan fitilar dare irin na sauran tsofaffin filayen Bundesliga. Ɓangaren da ake kira Spieser Kurve, mai fuskantar garin Spiesen, a rufe na same shi, ciyawa ta tsiro a tsagogin siminti. Matsalar irin wannan gini sananniya ce: ruwa na shiga tsaga, sanyin hunturu ya daskarar da shi ya buɗa ta, rodin ciki ya yi tsatsa ya kumbura, siminti ya ɓantale. Gyaransa na cin kuɗin da ƙungiyar da ke tara 'yan ɗaruruwan 'yan kallo ba za ta taɓa samu a ƙofa ba.

Kaka uku Borussia ta yi a Bundesliga, wasa 98. A ta farko ta ƙare a ta goma, abin yabo. A ta biyu ta faɗi, bayan 1860 Munich ta zo har gida ta zura mata 9 da 1. Abin da ya fi ciwo, Tasmania Berlin, wadda ta kafa tarihin mafi munin kaka a Bundesliga da ƙwallo 108 a ragarta, wasa biyu kacal ta ci a shekarar, kuma ɗaya a kan Borussia ne. Ta sake hayewa a 1967 ƙarƙashin Željko Čajkovski, ƙanin Zlatko Čajkovski da ke horar da Bayern a lokacin, ta sha 10 da nema a Mönchengladbach, ta sake faɗuwa a 1968. A wannan shekarar ce aka rufe mahaƙar kwal ta König da ke cikin garin.

Daga nan labarin ya zama na ƙididdigar rukuni, kuma nan ne wanda ya saba da gasar Ingila ko Sifaniya ke ɓacewa. A Jamus ƙungiya na iya nutsewa ba tare da ta faɗi ba, saboda ana ta sanya sabon bene a samanta. A 1974 aka kafa 2. Bundesliga mai shiyya biyu, Borussia ta leƙa ta sau uku, a 1974, 1978 da 1980, kowane karo kaka ɗaya ta yi ta dawo. A 1981 aka haɗe shiyyoyin, ƙungiyoyi 42 suka koma 20, ƙofa ta ƙara ƙuntata ga ƙananan garuruwa. Oberliga ta wannan zamani, inda Borussia ta fi daɗewa, rukuni na uku ce har 1994. Da aka sanya gasar shiyyoyi ta Regionalliga a samanta ta zama na huɗu, da aka kafa 3. Liga a 2008 ta zama na biyar. Sunan gasar bai canja ba, darajarta ce ta sauka hawa biyu.

Cin gasa kuma ba ya nufin hayewa. A 1991 Borussia ta zama zakaran Oberliga, amma a zagayen hayewa 1860 Munich ce ta wuce. A 2000 ta sake ci, sai ya zo daidai da shekarar da aka rage shiyyoyin Regionalliga daga huɗu zuwa biyu, ba ta samu shiga ba. A 2002 ta haye, ta dawo bayan kaka ɗaya. A 2005 ta ci gasar amma ba ta samu lasisin rukuni na sama ba, ƙungiya ta biyu ta Kaiserslautern ta ɗauki gurbin. Lasisin nan ba wasa ba ne, sai ƙungiya ta nuna kasafin kuɗin da zai kai ta ƙarshen kaka, da jingina, da filin da ya cika sharuɗɗan tsaro. Tun a 1990 bashi ya sa ta sayar wa hukumar gari da Ellenfeld, ta koma mai haya a gidan da ta gina. A 2017 ta faɗa Saarlandliga, rukuni na shida, kuma a nan na same ta.

A tsakiyar wannan gangara Augustine Okocha ya bayyana. A 1990 ya zo Jamus ziyara daga Enugu yana ɗan shekara 17, ya raka wani abokinsa ɗan Najeriya da ke buga wa Borussia zuwa atisaye, ya roƙi a bar shi ya taɓa ƙwallo, koci ya gani ya riƙe shi. Rukuni na uku ne a lokacin. Dragoslav Stepanović, wanda ke horar da Eintracht Trier a gasa ɗaya da su, ya gan shi a fili, da ya koma Eintracht Frankfurt sai ya janyo shi. Ranar 31 ga Agustan 1993 Okocha ya yi ta wana masu tsaron bayan Karlsruhe da gola Oliver Kahn a cikin da'ira kafin ya buga ta raga, ƙwallon da aka zaɓa mafi kyau a Jamus a shekarar. A Frankfurt ya tarar da Anthony Yeboah na Ghana, wanda shi ma ta Saarland ya shigo, don a Saarbrücken ya fara.

Wannan labari yana da haɗari ga matasanmu, domin dillalan bogi na sayar da shi. Hanyar da Okocha ya bi ta toshe. Tun 2001 dokar FIFA ta hana ɗauko ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba daga wata ƙasa, sai a wasu yanayi ƙalilan. Bizar ziyara ba ta ba da izinin aiki, kuma izinin zama na ɗan wasa yana buƙatar kwantiragi mai albashin da ƙungiyar rukuni na biyar ko na shida ba ta iya biya. 'Yan wasan da na kalla a Ellenfeld ɗalibai ne da ma'aikata, da yamma suke atisaye bayan an tashi aiki, abin da ake ba su bai wuce na mai da ɗan alawus ba. Duk wanda ya ce ka kawo miliyoyi zai kai ka gwaji a irin wannan ƙungiya, kuɗinka yake so.

Ɗan gida da suka fi alfahari da shi kuwa Stefan Kuntz ne. Mahaifinsa Günter ya buga wa Borussia a Bundesliga, shi kuma ya tashi a nan, ya wuce Bochum a 1983, ya ci Bundesliga da Kaiserslautern a 1991, kuma shi ya farke wa Jamus ƙwallo a ragar Ingila a Wembley a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Turai na 1996. A Borussia ya fara aikin koci.

Ranar wasa ba a bukatar sayen tikiti tun da wuri. Wani dattijo ne zaune da akwatin canji a ƙofa, kuɗin shiga bai kai Yuro 10 ba, kuma ka riƙe tsabar kuɗi, kada ka dogara da kati. Galibi da rana ake bugawa a ƙarshen mako. A duba jadawali a shafin fussball.de da safiyar ranar, domin a wannan mataki ruwan sama na kwana biyu ya isa a ɗage wasa ko a mayar da shi filin roba a wata unguwa, kuma daga Disamba zuwa wajen ƙarshen Fabrairu hutun hunturu ake yi. Ko da rana ta fito a tafi da rigar sanyi, simintin na riƙe sanyi, kwarin kuma inuwa ke rufe shi da wuri.

Batun abinci, Musulmi ya yi hattara. Abin da ake gasawa a bakin fili, da tsiran Lyoner da mutanen Saarland ke ji da shi, da naman Schwenker da ake gasawa a kan ragar ƙarfe mai lilo a saman wuta, kusan duk alade ne. Kalmar da za ka tambaya ita ce Schwein. Gara ka ci a shagunan Turkawa da Larabawa da ke cikin gari kafin ka hau tudu. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, har da Saarpark-Center.

Da aka take wasa, 'yan ɗaruruwan da suka zo sun taru a rumfa mai rufi, sauran matakalan fayau. Ana jin komai: umarnin gola ga masu tsaron baya, ƙarar takalmi a kan ƙwallo, gunagunin koci ga mai tuta. Wasu matasa ƙalilan da ganga da tutoci baƙi da fari suna waƙa, muryarsu na bugun simintin da ba kowa tana dawowa. Mai sanarwa, mai sayar da abin sha, mai shata layin fili, duk 'yan sa kai ne, domin ƙungiyar ta mambobi ce, su ke zaɓen shugabanni a taron shekara. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma ban ga alamar sun zo makoki ba. Tsawa suke yi wa alƙalin wasa kamar kofi ake nema.

Fatan irin wannan ƙungiya ɗaya ne, kofin jiha. Wadda ta ci Saarlandpokal tana shiga zagayen farko na kofin DFB, a ba ta wasa a gida da babbar ƙungiya, da kuɗin da a 'yan shekarun nan ya haura Yuro dubu 200. Ta wannan hanya Bayern ta zo Ellenfeld a 2003, fili ya cika, ta ci 5 da nema. Sai dai a kofin jihar dole ka bi ta kan Saarbrücken da Homburg, har zuwa 2023 ma da Elversberg, masu 'yan wasan da ƙwallo ce sana'arsu.

Elversberg ɗin ita ce abin mamaki. Bayan Spieser Kurve take, 'yan kilomita kaɗan, ƙaramin gari da a zamanin Bundesliga mutanensa ke tattaki zuwa Ellenfeld kallo. Kamfanin magunguna na Ursapharm ya tsaya mata shekara da shekaru, ta fitar da Leverkusen daga kofin DFB a 2022, ta hau 2. Bundesliga a 2023, a 2025 kuma da ƙyar Heidenheim ta hana ta shiga Bundesliga a wasan raba gardama. Mai son ganin filayen biyu a ƙarshen mako guda zai iya, bas na zuwa daga Neunkirchen kuma Deutschlandticket ya wadatar, amma tikitin Elversberg sai an saya ta intanet tun da kwanaki, filin ƙarami ne. Wajen komawa Frankfurt a duba jirgin yamma tun kafin a tashi wasa, domin in mai wucewa kai tsaye ya tafi, sai an sauka a Mainz an canja.